Yadda Ake Shirya Ƙaramar Mota Mai Zafi Don Ranarta ta Farko a Filin Gudu

Duk wanda ya mallaki ɗaya daga cikin ƙananan motocin nan masu zafin nama, irin su Peugeot 206 S16, Clio RS, Golf GTI, Polo GTI, Yaris TS ko Swift Sport, wata rana ransa zai so ya ga iyakarta. Ƙanena, wurin gwada wannan ba hanyar Garwa zuwa Marwa ba ce, ba kuma titunan Njamena da tsakar dare ba, inda masu babur da shanu da 'yan makaranta suke da hakki a kan hanya kamar yadda kake da shi. Wurinsa fili ne rufaffe wanda masu shiri suka nemi izinin hukuma a kansa, suka zana hanya da tsofaffin tayoyi, suka ajiye ma'aikacin jinya da motar da za ta kai mutum asibiti, kowa kuma yana bin gefe ɗaya. Manyan filayen kwalta irin Kyalami na Afirka ta Kudu ko Dakar Baobabs na Senegal sun yi mana nisa, amma abin da mota take bukata iri ɗaya ne ko ina ne.

Kada ka kashe ko sefa ɗaya wajen ƙara wa injin ƙarfi. Clio mai doki 172 da nauyin da bai wuce tan ɗaya da kaɗan ba ta fi ƙarfin sabon direba nesa ba kusa ba. Abin da ke mayar da mutane gida a kan igiyar ja shi ne zafi: na birki, na ruwan inji, na mai, na taya. Tsayar da mota daga gudun kilomita 120 yana zuba wa birki zafi ninki huɗu na tsayar da ita daga 60, a fili kuwa za ka yi ta maimaita haka kowane 'yan daƙiƙoƙi, a ƙasar da zafin Maris zuwa Mayu yake haura digiri 40 a inuwa. In da zaɓi, ranakun Disamba da Janairu sun fi wa mota da mai ita sauƙi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Fara aikin nan mako biyu kafin ranar, domin wani kayan sai an aiko maka da shi daga Duwala ko Yawunde.

Kayan da za ka tanada

Jak mai kyau da ƙafafun ƙarfe biyu na tallafe mota. In babu ƙafafun, guntayen katako masu kauri sun isa, amma ban da bulon siminti, yana fashewa ba sallama. Sifanoni, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Gejin iskar taya naka na kanka da famfon ƙafa. Man birki lita ɗaya a rufaffiyar gwangwani, siririn tiyo mai haske da kwalba. Filaket ɗin birki na gaba, wato ɓangaren da ke matse faifan birki, sababbi. Man inji da filtarsa, da ƙarin lita ɗaya ta ajiya. Filtar iska. Ruwan sanyaya inji. Hular kwano, tukunyar kashe gobara mai kilo 1 ko 2, ƙugiyar jan mota, salatif mai ƙarfi, tocila, da tsummoki. Sai abokin aiki ɗaya, don aikin birki ba ya yiwuwa da mutum ɗaya.

1. Fara da gano gaskiyar lafiyar motar

Ɗaga motar, ka kama kowace taya sama da ƙasa ka girgiza, sannan hagu da dama. Duk wani motsi ko ƙwas-ƙwas alamar boris ne ko rotil ko sandar sitiyari, kuma sai an canja kafin a je ko ina. Ramukan hanyoyinmu suna cinye waɗannan da wuri, har a motar da take da kyan gani. Leƙa robobin kardan ko sun yage sun watsa giris. Duba shoka huɗun ko akwai mai jiƙe da mai. Haska tocila a ƙarƙashin inji da giya ka nemi ɗigo. Ɗigon da kake haƙuri da shi a gari, a fili zai iya sauka kan salansa mai zafi ko ya jiƙa wa na bayanka hanya.

Tambayi kanka yaushe aka canja bel ɗin taimin. Injin 206 S16, na Clio RS da 1.8T na Golf duk bel ne da su, Yaris TS da Swift Sport kuwa sarƙa. In bel ɗin ya kai shekara biyar, ko motar ta zo daga Turai ba takardar da ta nuna ranar canji, canja shi tare da famfon ruwa. Na Clio RS yana bukatar ƙarafunan kulle inji na musamman, don haka tabbatar bakaniken yana da su kafin ya kwance komai.

2. Birki

Nan ne rabin aikin yake, kuma nan ne ya kamata kuɗinka su tafi.

Man birki yana shan laimar iska a hankali. Sabon mai nau'in DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma da ya sha ruwa kusan kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari, ma'aunin yana iya sauka zuwa 155. Da ya tafasa sai ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, sai ka taka feda ta tafi ƙasa motar ba ta tsaya ba. Motar da ta yi damina biyu da man birki ɗaya ba ta shirya ba, ko da birkin yana kamawa lafiya a cikin gari. DOT 5.1 yana farawa daga 260. ATE Typ 200 yana kai 280, Motul RBF 600 kuma ya haura 300. In ba ka samu ko ɗaya ba, sabon DOT 4 daga gwangwanin da kai ka buɗe da hannunka ya wadatar a ranar farko. Abu ɗaya: DOT 5 kaɗai, wanda babu .1 a bayansa, na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran, kada ya kusanci motarka.

Ga yadda ake canja shi. Zuƙe tsohon man daga tankin da sirinji, ka cika da sabo. A mafi yawan motoci ana farawa da tayar da ta fi nisa da tankin, amma duba littafin motarka don wasu suna da nasu tsarin. Sa tiyo a kan ɗan notin fitar da iska, ɗaya bakin cikin kwalba. Abokinka ya taka feda sau uku ya riƙe, kai kuma ka buɗe notin kwata, mai ya fito, ka rufe, sannan ka ce ya saki. Kada ya saki kafin ka rufe, iska za ta koma. A ci gaba har mai mai haske ya fito ba kumfa. Sa guntun katako a ƙarƙashin fedar don kada ta kai ƙasa, saboda a tsohuwar mota hakan yana yaga robobin babban famfon birki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a shagala tankin ya ƙafe. In iska ta shiga akwatin ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki, wani lokaci sai da kwamfutar gareji za a fitar da ita, don haka leƙa tankin bayan kowane taku biyar ko shida. Man nan yana cin fenti, in ya zuba ka wanke da ruwa nan take.

Filaket, wato ɓangaren da ke matse faifan birki, yana zuwa da kauri kusan milimita 10 zuwa 12. In na gaba ya sauka ƙasa da rabi, canja shi, domin siririn filaket yana miƙa zafi kai tsaye ga mai. Wanda aka yi don irin wannan aiki, kamar Ferodo DS2500, ya fi, amma sabo na asali daga Bosch, ATE, TRW ko Valeo zai yi maka ranar farko in ka riƙa gajerun zagaye. Saya wurin dillalin da ka amince da shi, kasuwa cike take da kwali mai kyau da jabu a ciki. A gefen faifan akwai rubutun MIN TH da lamba, shi ne mafi ƙarancin kaurin da aka yarda. In ya kai nan, ko ka ga tsaga ta kai baki, faifan ya gama aiki. Matsa tiyoyin roba na birki ka duba tsagewa ko kumburi, ka kuma tabbatar sandunan da maƙallin filaket yake zamewa a kansu ba su daskare da ƙura ba.

Sabon filaket ba a kai shi fili ɗanye. Nemi wuri marar jama'a, ka rage gudu da ƙarfi daga 80 zuwa 20 sau takwas zuwa goma ba tare da ka tsaya cak ba, sannan ka yi tafiyar minti goma ba ka taɓa birki ba. Za ka ji ɗan ƙauri, ba matsala ba ce.

3. Ruwan inji

Akwai abubuwa biyu da ake yi wa kusan kowace mota da ta shigo ƙasar nan: a cire kalostat, a riƙa zuba ruwan rijiya. Ni dai ban yarda da ko ɗaya ba. Kalostat shi ke tsare injin a zafin aikinsa, wajen digiri 90, kuma a injuna da dama shi ke tilasta wa ruwa bi ta lagireto maimakon ya kewaye ta gajeriyar hanya. Ruwan rijiya kuma yana barin farar ƙasa da tsatsa a cikin siraran bututun lagireto har su toshe. Mayar da sabon kalostat, a wanke hanyar ruwa, a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya. In mai kauri ka samu, haɗa shi da ruwan distile, wato tataccen ruwa, ba asid ɗin batir ba, ka karanta jikin robar da kyau.

Murfin lagireto ƙaramin abu ne da ake rainawa. Shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa har sai ya haura digiri 120. In robarsa ta bushe, sayi sabo mai lamba iri ɗaya da tsohon. Daga nan ka wanke lagireton daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi sosai, za ka yi mamakin ƙurar hunturu da ƙwari da ƙaiƙayin da za su fito daga tsakaninsa da na na'urar sanyi. Kunna motar ta yi ta aiki a tsaye har fanka ta tashi da kanta ta kuma mutu da kanta. In ba ta tashi ba, ba inda za ka. Matsa kowane tiyon ruwa da inji a sanyaye, wanda ya yi laushi da yawa ko ya ƙage, a canja.

4. Mai, iska da fetur

Juye man inji ko da lokacinsa bai cika ba, ka zuba wanda littafin motar ya ce. Yawancin waɗannan motoci suna tafiya daidai da 5W-40 na sintetik. Cika shi har alamar sama ta sandar awo, kada ya wuce. A kwana mai tsawo mai yana gudu gefe ɗaya na kwanonsa, in ya yi ƙasa famfo zai zuƙi iska na daƙiƙa ɗaya ko biyu, wannan kuma ya isa ya cinye metal, wato siraran ƙarafunan da sandar inji take juyawa a kansu. Sa sabuwar filtar iska ta takarda. Buɗaɗɗun filtocin nan masu ƙara daɗin sauti ba na ƙurarmu ba ne.

Fetur kuwa daga gidan mai. Na san zuwa-zuwa, wato fetur ɗin kwalba na bakin hanya, ya fi araha kuma da shi yawancinmu muke yawo, amma ba ka san abin da aka haɗa a kwalbar ba, injunan nan kuma an yi su ne don fetur mai oktan 95. Da zafi da cikakken totur, fetur marar kyau yana sa inji ƙwanƙwasa har fistin ya lalace. Shiga da kashi uku cikin huɗu na tanki, kada ka bari ya sauka ƙasa da kwata don a kwana famfo yana rasa mai. Motar za ta sha ninki biyu na abin da ka saba ko fiye, saboda haka tafi da jarka, ka ajiye ta a inuwa nesa da motoci.

5. Tayoyi

A gefen kowace taya, bayan rubutun DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar gwanjo tana iya zuwa da zane mai kyau alhali ta shekara goma, robar ta bushe. Wadda ta haura shekara shida, ko mai ƙari a gefe, ko wadda aka yi wa faci a kafaɗa, ba ta shiga fili. Zane ya kai milimita 3 aƙalla, kuma biyun da ke layi ɗaya su zama iri ɗaya. Harafin ƙarshe na lambar taya shi ne iyakar gudunta: T 190, H 210, V 240. Kada ka sa ƙasa da abin da kamfanin motar ya rubuta. In kuɗinka na taya biyu ne kawai, kada ka bar ruɓaɓɓu a baya, don bayan mota in ya kuɓuce ya fi gaba wuyar kamawa.

Notin taya ana ɗaure shi da awo, yawanci tsakanin 90 da 120 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) gwargwadon mota. Ɗaurin da mai faci yake yi yana tsalle a kan bututu yana miƙar da ƙarfen har ya karye daga baya. In ba ka samu sifana mai awo ba ko aro, ga lissafi: nauyin kilo 20 a ƙarshen sanda mai rabin mita yana ba da kusan 100 Nm. Kada ka shafa mai a zaren notin.

6. Cikin motar da jikinka

Kwashe komai. Tabarmin ƙafa na gefen direba shi ne na farko, yana zamewa ƙarƙashin feda. Robobin ruwa, caja, kwalbar turare, carbin da ke rataye a madubi, jak da safaya, duk a sauke. Girgiza batir, in yana motsi a ɗaure shi da ƙarfensa, ba da igiyar roba ba, a rufe kan jan wayar. Ɗaura ƙugiyar ja tun daga gida. Tukunyar kashe gobara a kafe ta da maƙallin ƙarfe inda hannunka zai kai. In ba ka da maƙallin, gara ka bar ta a wurin ajiye kaya da ta zama abin jifa a cikin mota.

Hular kwano ta zama mai tambarin ECE 22.05 ko 22.06 a ɗinke a madaurinta, daidai kanka, wadda ba ta taɓa faɗuwa a haɗari ba. Ta roba mai arha da ake sawa don 'yan sanda ba ta kare komai. Sa riga mai dogon hannu da wando na auduga, da rufaffen takalmi mai siririn ƙasa. Ban da silifas, ban da babbar riga. Gyara kujera yadda in ka miƙa hannu wuyan hannunka zai kwanta a saman sitiyari kafaɗarka ba ta bar kujera ba, ƙafarka kuma ta kai kuloci ƙasa gwiwa a ɗan lanƙwashe.

Ka kuma tambayi wakilin inshorarka tun da wuri. Yawancin inshorar hanya ba ta biyan ɓarnar da aka yi a filin gudu.

7. Safiyar ranar

Isa da wuri, bayan asuba in da hali, sa'o'in safe su ne mafi daraja. Duba mai, ruwa, man birki da notin taya tun motar tana sanyi. Sa iskar da takardar jikin ƙofar direba ta ce. Halarci bayanin masu shiri ka haddace tutoci: rawaya rage gudu ba wucewa, ja a daina gudu a koma a hankali, shuɗiya wani na son wuce ka, baƙa kai ake kira ka fito, mai ɗigon fari da baƙi lokacin gudu ya ƙare. In an yarda a zaga hanyar a ƙafa, zaga.

In filin jar ƙasa ne ba kwalta ba, ƙara wa tayoyi iska kaɗan don kada su fita daga rim, sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin kwanon mai, kuma ka kiyayi shiga kwana a karkace inda tayoyin wasu suka haƙa rami, nan ne ƙaramar mota take kifewa.

8. A cikin fili

Kashe na'urar sanyi. In motar tana da ESP, wato tsarin da ke taimakawa kada ta kuɓuce a kwana, bar shi a kunne. Zagayen farko na ɗumama ne. Bayansa minti 10 zuwa 12 sun isa a zafinmu, sannan zagaye ɗaya a hankali ba taka birki don iska ta ratsa. Taka birki da ƙarfi a miƙe na ɗan gajeren lokaci ya fi jan sa a hankali mai tsawo, na biyun ya fi tara zafi. Motocin nan tayoyin gaba ne ke ja, in ka shiga kwana da gudu fiye da kima hancin zai tafi waje. Kada ka ƙara murɗa sitiyari, sassauta totur a hankali. Ɗaga ƙafa gaba ɗaya farat ɗaya a tsakiyar kwana yana sa baya ya juyo, 206 da Clio sun yi suna da wannan.

Saurari fedar birki. In ta yi tauri amma motar ba ta tsayawa, filaket ne suka yi zafi, sanyaya su ka huta. In ta yi laushi ta yi nisa, mai ne ya tafasa, ka fita a hankali, kuma ba komawa sai an sake fitar da iska. In allurar zafi ta haura inda ta saba, rage gudu, kunna hita har ƙarshe in tana aiki, ka fito. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi ko da tsumma.

Da ka tsaya, kada ka ja birkin hannu, zai manne da ƙarfe mai zafi. Tare taya da katako, buɗe bonet, bar injin ya yi minti biyu yana aiki, musamman mai turbo, sannan ka kashe ka sa giya. Auna iskar taya nan take tana da zafi. Za ka ga ta hau da 0.3 zuwa 0.5 bar. A kwalta, rage ta zuwa wajen 2.3 ko 2.4 da zafinta, ka rubuta a takarda. In ka ga ci ya gangaro har kan rubutun gefen tayar gaba, iskar ta yi kaɗan ko kana shiga kwana da garaje. Duba man inji bayan kowane fita. Notin taya kuma sai ya huce ake sake gwada shi.

Kai ma sha ruwa bayan kowane fita ko ba ka jin ƙishi, ka zauna a inuwa rabin sa'a. Ciwon kai ko jiri alama ce ta tsayawa. In ranar ta faɗo cikin azumi, shawarata ka je kallo da taimako, ka bar tuƙi sai wani karo.

9. Kafin ka kama hanyar gida

Bar motar ta huce sosai, sannan ka mayar da iskar tayoyi yadda takardar ƙofa ta ce, don wadda ka rage da rana za ta yi ƙasa da yamma. Leƙa kaurin filaket ta tsakanin rim, gwada feda a tsaye, mayar da safaya da jak. Washegari cire tayoyin gaba ka duba faifai ko sun tsage, ka karkaɗe filtar iska, in kuma feda ta yi laushi ko sau ɗaya a fili, a fitar da man birki kaɗan daga kowace taya a cika da sabo daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba.